Barasar Katako: Man da Yaƙi Ya Raya

Tun a 1819 masanin kimiyya Bafaranshe, Henri Braconnot, ya gano cewa in aka zuba wa garin katako asid irin na ruwan batir, zaren da ke cikinsa, wato selulos, yakan narke ya koma sukari. Sauran aikin na yisti ne, ya cinye sukarin ya fitar da barasa, wadda ke iya tayar da inji. Ilimin ya haura shekara 200, amma har yau motoci ba su koma kansa ba. A ganina tsada ce ta daƙile sana'ar, domin ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba sai lokacin da fetur ya yi wuya.

Suwizalan ta ishe mu shaida. A 1936 aka kafa kamfanin Hovag, ya gina masana'anta a Domat/Ems, yankin da ke da daji ga ƙarancin aikin yi a lokacin. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya toshe hanyoyin shigo da mai, sai aka riƙa dafa ɓarɓashin katako da asid a manyan tukwane, a tace ruwan zaƙin, a tsima shi da yisti, a gauraya barasar da fetur. Jama'a suka laƙaba wa man suna Ruwan Ems. Yaƙi na ƙarewa fetur mai arha ya dawo, masana'antar ta koma dogaro da tallafin gwamnati, har 1956 da 'yan ƙasa suka ƙi amincewa da ci gaban tallafin a ƙuri'ar raba gardama. Kamfanin ya juya ga zaren roba.

Wani zai ce ai wancan zamanin asid ne, yanzu akwai sinadaran narkar da selulos da ake samu daga Trichoderma reesei, fumfunar da aka tarar tana cinye tantunan sojojin Amurka a Tsibiran Solomon. Gaskiya ne, kuma ci gaban ba ƙarami ba ne. Sai dai itace bai canza hali ba. Selulos ɗinsa a lulluɓe yake da lignin mai tauri, dole a fasa shi da zafi kafin sinadaran su kai gare shi, sannan yisti na gama-gari ba ya cin zailos, wani kaso na sukarin itace. Ga kuɗin sara da dakon ɗanyen itace mai nauyin ruwa. Dokar makamashi ta Amurka ta 2007 ta tsara samar da galan biliyan 16 na man selulos a 2022, amma barasar da aka samu ba ta taka kara ta karya ba.