Shuni a Gefen Takarda: Karatu, Zikiri da Maukibi a Birnin Kano

Kwana arba'in bayan rasuwar kakana aka tara mu a zauren gidanmu da ke cikin birni domin a buɗe akwatinsa. Ba mu sami kuɗi ba, da ma ba mu yi tsammaninsu ba. Abin da ke ciki shi ne gafaka uku cike da littattafai, da carbi mai ɗari, da wani tsohon bandiri wanda fatarsa ta tsage. Da na zaro Risala na fara juya takardunta, sai na ga kowace takarda tana ɗauke da tambarin babban yatsa na shuni a gefenta, tun daga babin farko har na ƙarshe. Kakana marini ne a karofin Ƙofar Mata. Ya fi shekara hamsin hannunsa yana cikin baba, har shuni ya zauna masa a fata. Ba a taɓa kiransa malami ba, bai kuma taɓa zama a ajin boko ba. To, yaya aka yi mai sana'ar hannu irinsa ya sauke littafin fiƙihu kamar Risala? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni ga tarihin ɗariƙar Ƙadiriyya a birnin Kano, wadda a inuwarta ya yi rayuwarsa.

Tushen al'amarin

Karatun addini ya daɗe a Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), kuma unguwar Madabo ta shahara da karatun fiƙihu tun daga zuriyarsu. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili ya sauka a birnin, ya rubuta wa sarki littafi a kan wajiban masu mulki, ya kuma bar zuriya a unguwar Sharifai. Mutanen ɗariƙa suna ambaton sunansa cikin waɗanda suka fara kawo Ƙadiriyya ƙasar Hausa. Ita ɗariƙar ana jingina ta ne ga Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 561 ta Hijira, daidai da 1166.

Jihadin da ya fara a 1804 ya ƙara mata ƙarfi, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo Baƙadire ne, har ana kiran jama'arsa Ƙadirawa. Sai dai a wancan zamani wuridi abu ne na malamai da manyan almajiransu. Mutum yakan karɓa a hannun shehinsa, ya riƙa ja shi kaɗai bayan sallar asuba da magariba. Babu jerin gwano, babu taron dubbai. Talaka irin kakannin kakana yana ganin ɗariƙa daga nesa, kamar yadda yake ganin rawanin alƙali.

Wajen ƙarshen ƙarni na 18 wani malami, Malam Umaru, ya iso Kano daga Kabara, mashigin jiragen ruwa na birnin Tumbutu. Ya zauna kusa da Gidan Rumfa, wurin kuma ya ɗauki sunan garinsu. Wannan ita ce unguwar Kabara, inda Gidan Ƙadiriyya yake a yau.

Yadda ɗariƙa ta fito fili

Farkon ƙarni na 20 ya zo da sauyi. Sarkin Kano Abbas (1903 zuwa 1919) ya karɓi Tijjaniyya. Malam Muhammadu Salga da almajiransa, waɗanda aka sani da Salgawa, suka yaɗa ta tare da karatun fiƙihu mai zurfi. A 1937 Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a ƙasa mai tsarki, kuma bayan ziyarce-ziyarcen Shehun zuwa Kano sai Faila ta mamaye birni. Zawiyoyin Shehu Atiku a Sanka, da Shehu Tijjani Usman a Zangon Barebari, da Shehu Sani Kafinga, da Shehu Maihula suka cika da 'yan kasuwa da maɗinka da fatake, ana wazifa da zikirin Juma'a cikin jam'i. Ƙadiriyya kuwa ta fara zama kamar kayan gadon tsofaffi.

A wannan hali ne Shehu Muhammadu Nasiru Kabara ya tashi. Daga zuriyar Malam Umaru yake, an haife shi a Guringawa, ya yi karatu a hannun Malam Ibrahim Natsugune. Ya tattara izinin rassan Ƙadiriyya daban-daban, har da Sammaniyya ta ƙasar Sudan, sannan a 1953 ya je Bagadaza ya ƙulla alaƙa kai tsaye da zuriyar Shehu Abdulƙadir. Babban abin da ya yi shi ne buɗe ƙofa. Ya mayar da zikiri abin yi cikin halƙa, da bandiri da anfasu, inda marini da mahauci da ɗan sarki za su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya kafa makarantun Islamiyya, ya yi shekaru yana tafsirin azumi a fadar Kano, ya kuma fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. A farkon shekarun 1950 ya fara fitowa da maukibi.

Kakana yana saurayi a lokacin. Ya sha gaya mini cewa sautin bandiri ne ya ja shi wani daren Juma'a yana dawowa daga karofi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe, wani dattijo ya matsa masa wuri. Da aka tashi, dattijon ya tambaye shi ko ya san farillan alwala. Ya lissafa huɗu ya tsaya. Washegari da asuba aka ɗora masa Ƙawa'idi.

Shekara a idon muridi

Wanda ya tashi a irin gidanmu ba ya buƙatar kalanda, domin tarukan su ne ke gaya masa inda shekara take. Kowane mako akwai mi'adi, inda muridai ke haɗuwa a yi zikiri, a rera bege, a ji wa'azi. A nan ake sanin wanda ba shi da lafiya, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda jarinsa ya karye. Kafin a watse an yi karo-karo, an kuma wakilta masu zuwa dubiya.

Idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, birni yakan canja kama. Ana karatun Ishiriniya da Burda da Ashafa a masallatai da zauruka har daren sha biyu ga wata. Mata suna dafa abinci a manyan tukwane a rarraba wa maƙwabta da almajirai, yara suna sa sababbin kaya. Mako guda bayan Mauludi sai Takutaha, ranar suna, inda jama'a ke ɗunguma zuwa Dutsen Dala. Wannan biki na Kanawa ne gaba ɗaya, Baƙadire da Batijjane da wanda bai riƙi kowace ɗariƙa ba.

Watan da ke biye, Rabi'us Sani, shi ne namu, domin a cikinsa Shehu Abdulƙadir ya rasu, a cikinsa kuma ake maukibi. Na fara ganinsa ina bisa kafaɗar kakana, ina riƙe da hularsa. Tun kwanaki kafin ranar baƙi suke sauka daga garuruwan Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashen maƙwabta, kowane zaure a unguwa ya zama masauki. A namu zauren mutum goma sha biyu suka taɓa kwana, kakata kuma ba ta sauke tukunya ba sai da suka tafi. Da hantsi sai jerin ya taso daga Kabara: ɗaliban Islamiyya sahu-sahu cikin kayan makaranta, kowace zawiya da tutarta, masu bandiri suna tafe suna kaɗawa, kalmar shahada tana tashi daga dubban bakuna kamar numfashin mutum guda. Ana tafiya har maƙabartar Mai Giginya, a yi wa magabata addu'a, Shehu ya yi jawabi. Na tuna na ce wa kakana ƙafata ta gaji, alhali shi ke ɗauke da ni. Ya yi dariya ya ce, "Aboki, kai da ke kan doki kana kukan gajiya, dokin ya ce me?"

Daga nan sai Rajab da daren Mi'iraji, sai rabin Sha'aban, sai Ramadan da tafsiri. Waɗanda ba su sami shiga wurin karatun ba sukan kewaye rediyo a ƙofar gida.

Karatun zaure

Taro shi ne abin da baƙo ke gani, amma abin da ya riƙe ginin yana faruwa ne da sanyin safiya, ba tuta ba kiɗa. Bayan sallar asuba malami yakan zauna a kan buzu a zaurensa, ɗalibai su kewaye shi, kowa da littafinsa. Babu aji, babu jarrabawa, babu kuɗin makaranta. Wanda ya riga zuwa shi ke fara karantawa. Ya ja Larabci, malam ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, saura suna saurare. Ta haka mai Ahalari yakan ji darasin mai Muhtasar shekaru kafin ya kai can.

Tsanin sananne ne: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan Muhtasar ga wanda Allah ya ba nisan kwana da naci. A gefe ana haɗawa da Ajuruma domin nahawu, da Ishiriniya domin lugga da yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kakana yakan ɗauki darasi layi biyar ko shida, ya wuce karofi, ya yi ta maimaitawa yana tsoma zane. Da dare ya buɗe takardar ya duba inda ya manta. Tambarin yatsan nan da na gani shaidar waɗannan darare ce. Risala kaɗai ta ci masa shekara tara. Sannu ba ta hana zuwa.

Guguwar saɓani

Wannan tarihi bai rasa ƙura ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce Ƙadirawa da Tijjanawa sun yi ta jayayya a kan ƙabalu da sadalu, wato riƙe hannu a ƙirji ko sakinsa a cikin salla, har maƙwabta suka daina bin juna salla. Bandiri ma ya sha suka daga malaman da ke ganin kiɗa bai dace da masallaci ba. Sannan a 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan karantarwar Shehu Abubakar Gumi, ta ce Mauludi da maukibi da wuridin ɗariƙa duk bidi'a ne. Wannan ya sa ɗariƙun biyu suka ajiye tsohuwar gabarsu suka matso kusa da juna.

Guguwar ta shigo har tsakar gidanmu. Ƙanin mahaifina ya karɓi sabuwar fahimta. Ya daina cin abincin Mauludi, ranar maukibi kuma yakan bar unguwa tun asuba. Shekara biyu ba ya bin mahaifinsa salla. Mutanen zawiya suka ba kakana shawara ya kore shi daga gida, ya ƙi. Abin da ya ce masa, a gabana, shi ne: "Ka ce bandiri ba ya cikin littafi, na ji. Amma alwalar da kake yi, a wane zaure ka koye ta?" Baffana ya sunkuyar da kai ya ce, "A naka, Baba." Bai dawo ɗariƙa ba har yau, kakana kuma bai fasa mi'adi ba har ƙafarsa ta gaza. Amma daga ranar suka koma cin tuwo a akushi ɗaya.

Abin da ya rage a hannunmu

Shehu Nasiru Kabara ya rasu a watan Oktoba na 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullahi ya gaje shi. Maukibi ya haura shekara saba'in, kuma kowace shekara taron ƙaruwa yake yi. Yau ana kallonsa a waya daga Legas da Yamai da Jidda. Ta wannan fuska babu abin fargaba.

Fargabata tana wajen zaure. Na koma wanda kakana ya yi karatu a cikinsa, na tarar da jikan malaminsa a kan buzun, da ɗalibai shida, huɗu daga cikinsu masu furfura. Samarin da suka kwana suna kaɗa bandiri ba su zo ba. Wasu suna makarantar boko, wasu sun fita neman abinci tun duhu, wasu kuma sun wadatu da guntun wa'azin da ke zuwa musu a waya. Gidajen ƙasa na cikin birni ana rushe su ana gina shaguna, zaure shi ne farkon abin da ake mayarwa kanti. Littattafan da ke cikin gafakokin tsofaffi gara da ɗigon damina suna cinye su, alhali Jami'ar Bayero da Gidan Ɗanhausa suna da wuraren adana irinsu. Dattawan da suka ga maukibin farko da idonsu saura ƙalilan, kuma duk wanda aka kai makwanci ya tafi da abin da ya sani.

Darasin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, waɗanda suka fito da ɗariƙa fili sun yi amfani da taro ne domin su jawo mutum zuwa ga littafi. Bandiri ya tsayar da kakana a bakin ƙofa, dattijon da ya tambaye shi farillan alwala shi ne ya shigar da shi ciki. Idan aka wayi gari akwai mai kaɗawa babu mai tambaya, to an riƙe kube an yar da wuƙa.

Ranar da aka raba kayan akwatin, baffana ne ya fara magana. Ya ce ba ya son komai sai Risalar. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya ɗora babban yatsansa a kan tambarin mahaifinsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Bandirin kuwa babu wanda ya nema, sai na ɗauka na kai aka sake masa fata. Yanzu kowace Asabar da asuba nakan je gidan baffana da ɗana, ya ɗora mana darasi daga cikin takardun nan masu shuni. Mun kai babin azumi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.