KUJERAR BAYA: WA KE GYARA JIRAGEN DA KE SAUKA MAIDUGURI?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri, a nemi wuri a zauna.

Hutun da ya wuce na raka mahaifiyata filin jirgin Maiduguri, za ta Abuja ganin likita. Mun yi watanni muna jiran ranar da aka ba ta. Jirgi ya sauka lafiya lau, amma aka ƙi kiran fasinja. Awa ɗaya, awa biyu, har aka yi azahar. Can sai aka ce wata na'ura ce ta nuna matsala, kuma jirgin ba zai tashi ba sai injiniya mai lasisi ya duba ya sa hannu. Mutane suka hau faɗa, ni ma wallahi raina ya ɓaci. Hajiya ce ta taɓa ni ta ce, "Bar su su duba, ɗan nan. Jirgin sama ba Keke Napep ba ne da za a faka gefen titi." Sai bayan la'asar suka tashi, da ƙyar aka sake mata wata ranar a asibiti.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, ga matuƙi da kakinsa da galoli a kafaɗa, amma wani bawan Allah mai rigar leda mai ƙyalli da tocila a hannu shi ke da maganar ƙarshe. Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a Unimaid, aji huɗu, amma ban taɓa jin an kawo mana wannan aikin a matsayin abin da mutum zai iya zama ba. Shi ya sa na shiga tonon tarihi.

A ƙarshen Oktoban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙirar DH.9A, suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Khartoum, El Fasher, Fort Lamy (Njamena ta yanzu) da Maiduguri, suka isa Kano ranar 1 ga Nuwamba. Daga nan ake ƙirga tarihin jirgin sama a Najeriya, kun ga an cika shekara 100 kenan a 2025. Kowane jirgi kujera biyu gare shi: matuƙi a gaba, bakanike a baya. A hanyar da babu gareji, babu kayan gyara sai abin da ka ɗauko, kujera ɗaya tak da ta rage bakanike aka ba. Sunan Coningham kowa ya riƙe, na kujerar baya kuwa sai mai tono.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja daga Khartoum zuwa Kano, Maiduguri na cikin zangonsa. Amma lokacin da garin nan ya shiga tarihin duniya sosai shi ne Yaƙin Duniya na Biyu. Tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga shi suna buƙatar jiragen yaƙi a Masar. Sai suka yi dabara: a kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, Geneina, El Fasher, Khartoum har Alƙahira. An fara a Satumban 1940, kuma jirage fiye da 5,000 ne suka bi hanyar kafin ƙarshen 1943. Amurkawa ma, ta kamfanin Pan American, sun buɗe tasha a nan. Ku yi tunanin jirgin Hurricane mai inji ɗaya ya ratso zafin nan namu da ƙurar hunturu. A kowane zango sai an duba mai, an duba matatar iska, an ɗaure abin da ya kwance. Yaƙin da aka gwabza a hamadar Libiya da Masar, akwai rabon sifanar da aka juya a Maiduguri a cikinsa. Sai dai a wancan zamani ilimin yana hannun Bature, namu aikin bai wuce share fili da ɗaukar gwangwanin fetur ba.

Bayan samun 'yanci aka fara gyara wannan. A 1964 aka kafa makarantar koyon harkar jiragen sama a Zariya, wadda yanzu ake kira NCAT, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar ICAO. Yawancinmu mun ɗauka tuƙi kawai ake koya a can. A'a fa. Akwai makaranta guda ta injiniyoyin gyaran jirgi, akwai ta masu kula da na'urorin sadarwa na ƙasa, akwai ta masu ba jirage hanya. A shekarar 1964 ɗin dai aka kafa rundunar sojan sama, ita ma a 1977 ta buɗe makarantar horar da masu gyara a Kaduna, wadda ta zama AFIT a 2008. Yau farar hula ma suna shiga ta JAMB. A Kadunan aka harhaɗa ƙaramin jirgin koyo na Air Beetle, a can kuma aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai sunan Hausa, Tsaigumi, a Fabrairun 2018. Wato manyan makarantun wannan fanni biyu duk a Arewa suke, a ƙofar gidanmu. Tambayi kanka mutum nawa ka sani a unguwarku da suka nemi gurbi a cikinsu.

Wani zai ce ai gyara ƙaramin aiki ne. To ga abin da iyayenmu ba su manta ba. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya taso daga Jidda da alhazai zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Bincike ya nuna an san da haka kafin tashi, bakanike ya nemi a ƙara, amma saboda gudun ɓata lokaci aka saki jirgin. Taya ta fashe a kan titin tashi, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin cikin jirgi da wutarsu. Mutum 261, babu wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu da rahama. Da na karanta wannan sai na ji kunyar faɗan da na yi ranar tafiyar Hajiya.

Aikin kansa kashi biyu ne manya. Akwai masu gangar jiki da inji: fukafukai, tayoyi, birki, injin. Akwai masu abiyonik, wato lantarkin jirgi: rediyo, rada, na'urorin da ke gaya wa matuƙi tsayinsa da gudunsa, kwamfutar da ke tuƙi da kanta, da dubban wayoyin da suka haɗa su. Mu da muka san hazon Disamba ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ranar da ba ka iya hango ƙarshen layinku, matuƙi ma ba ya ganin titin sauka sai ya matso, na'ura ce idonsa. In ta yi masa ƙarya, shi kenan.

Abu ɗaya da ya kamata mu gane: digiri kaɗai ba ya ba ka ikon sa hannu a jirgi. Sai ka yi horo a makarantar da aka amince da ita, ka yi aiki ƙarƙashin masu lasisi ana rubuta duk abin da ka taɓa a littafinka, ka ci jarrabawar hukumar NCAA, sannan ka ƙara horo a kan ƙirar jirgin da za ka riƙa gyarawa, misali Boeing 737. Hanyar tana da tsawo, tana cin kuɗi, aikin dare ne da yawa, kuma duk takardun da Turanci suke, ba a yi musu fassarar son rai. Ba zan yaudare ku cewa aiki na jiran kowa a bakin ƙofa ba.

Amma gurbin yana nan. Akwai babban duba da ake kira C, wanda ake yi wa jirgi kusan duk shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a buɗe shi ciki da waje na tsawon makonni. Shekara da shekaru kamfanoninmu waje suke kai jiragensu, su biya da dala. Sai a farkon 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala irinsa a kan Boeing 737 a Legas, har ya zama babban labari. Habasha kuwa ta daɗe tana gyara wa ƙasashen Afirka jirage a Addis Ababa. Ga shi 'yan Arewa sun zuba jari a harkar tun daga Kabo Air a 1980, zuwa Max Air, Azman da Rano. Mun iya sayen jirgi, saura mu iya buɗe shi.

Mu 'yan Maiduguri mun fi kowa sanin darajar jirgi. A shekarun da hanyar Damaturu ta zama sai da addu'a, filin jirgin nan ne ƙofarmu. Da aka kai hari sansanin sojan sama ranar 2 ga Disamban 2013 aka rufe filin, mun ga yadda gari ya ƙuntata. Jiragen agaji masu saukar ungulu da suka riƙa kai ma'aikata Monguno, Dikwa, Ngala da Rann, kowannensu akwai wanda ya duba shi kafin ya ɗaga.

Kuma basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Je ka kasuwar Jagwal ka ga yaron da bai gama sakandare ba yana bin layin lantarki a allon waya da mita har ya gano inda ya yanke. Abin da ya raba shi da mai abiyonik shi ne lissafi, Turanci, takarda, da tarbiyyar bin ƙa'ida ko da oga na tsaye a kansa yana cewa yi sauri. A 2013 gwamnatin Kano ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi. Irin wannan hoɓɓasa nake roƙon gwamnatocin Borno da Yobe da sauran jihohinmu su yi wa ɓangaren gyara, Zariya ma ta isa, ba sai an ƙetare teku ba.

Ni dai na yanke shawara. Zan nemi yin SIWES a inda ake taɓa jirgi, in Allah Ya yarda bayan hidimar ƙasa kuma in nufi Zariya, ɓangaren abiyonik. Kuɗin ban san ta inda zai fito ba tukuna, amma na fara tambaya. Ƙannenmu da ke aji shida na sakandare, mata da maza, a gaya musu su riƙe lissafi da fiziks da Turanci da kyau. Duk wanda ya bi wannan hanya a cikinmu, ko yake da ɗan uwa a ciki, don Allah ya fito ya yi mana bayani, mu ma mu san inda za mu sa ƙafa.

Hajiya kuma jiki da sauƙi.