Tutar Mazar-i-Sharif

Duk wanda ya yi karatun tarihi a zaure ya san an soki Sayyidina Aliyu a masallacin Kufa, kuma galibin Musulmi sun tafi a kan cewa kabarinsa na Najaf a ƙasar Iraƙi. Amma je ka arewacin Afganistan ka faɗi haka, za a saurare ka cikin ladabi, sannan a kama hannunka a kai ka wani hubbare mai shuɗiyar ƙubba a tsakiyar birnin Mazar-i-Sharif, a ce maka ga makwancinsa nan.

Labarin da mutanen wurin suka gada shi ne, almajiransa sun ji tsoron maƙiya za su wulaƙanta gawar, sai suka ɗora ta a kan farar taguwa suka sake ta, ta yi ta tafiya gabas har ta durƙusa a nan. A wajajen 1136, zamanin Sarki Sanjar, aka ce waɗansu manyan garin Balkh da ke kusa sun yi mafarkin an nuna musu wurin, aka yi gini a kansa. Rundunar Janghis Khan ta ragargaza yankin a wajajen 1220. Sai a 1481 Sarkin Herat, Husaini Baiƙara, ya sake gina hubbaren, ƙauyen da ke wurin ya yi ta bunƙasa har ya shanye Balkh ɗin kanta.

Ni dai Balkh ce ta fi ɗaukar hankalina, domin a can asirin yake. Tafiyar kilomita 20 ce ko kusa da haka daga Mazar. Tun kafin zuwan Musulunci gari ne na ibada: masu bin addinin Zaradashta sun girmama shi, kuma a nan aka yi babban ɗakin ibadar mabiya Buddha mai suna Naubahar. Gidan da ke riƙe da makullan wannan ɗaki su ne Barmakawa, waɗanda jikokinsu suka musulunta suka zama waziran Haruna Rashid a Bagadaza. Ja'afaru Barmaki da muke ji a hikayoyi, asalinsa ke nan. Daga baya garin ya cika da malaman Hanafiyya da sufaye irin su Ibrahim bin Adham. Ƙasar da ta saba da ziyara da waliyyai tun kaka da kakanni, da ta karɓi Musulunci da gaske ta karɓe shi, sai dai ta shigo da waɗansu kayanta.

Babban cikinsu Nauruz, sabuwar shekarar Farisawa, wadda ke faɗowa wajen 21 ga Maris lokacin da sanyi ya karye. Bikin ya girmi Musulunci a yankin nesa ba kusa ba. A Mazar, sai aka ɗaura shi a jikin hubbaren Aliyu. A da, da safiyar ranar ake ɗaga janda, wato wani dogon sanda mai nauyi da aka naɗe da ƙyallaye masu launi, maza na ja da igiyoyi, jama'a na kabbara. Idan ta miƙe ba gardama, sai a ce shekara za ta yi albarka. Kwana arba'in take yi a tsaye, makafi da guragu suna zaune kusa da ita suna roƙon Allah lafiya, a daidai lokacin da jajayen furanni suke rufe filayen karkara. A cikin gida kuma a jiƙa busassun 'ya'yan itace iri bakwai, su zabibi da almon da fistashiyo, a sha da ruwansu. Mata su kwana suna tuƙa samanak a babbar tukunya, wani zaƙi da ake yi da tsiron alkama, suna waƙa har asuba. Mai ziyara a ranar zai yi alwala, ya yi nafila, ya karanta Fatiha, sannan ya fita kallon buzkashi, wasan mahaya dawaki da ke kokawar ƙwace gawar akuya. A zuciyarsa duk abu ɗaya yake yi, kamar yadda Bakano ke hawa Dala ran Takutaha ba tare da ya ji ya fita daga murnar Maulidi ba.

Ba kowa ya yarda ba. Akwai malaman da ke ganin shafar tuta da neman waraka a kabari bidi'a ce, kuma hujjojinsu sanannu ne a wajenmu ma. 'Yan Taliban, waɗanda akidarsu ta fito daga makarantun Deoband da ƙauyukan Fashtunawa na kudu, sun hana Nauruz a mulkinsu na farko tsakanin 1996 da 2001, kuma a 2022 suka cire shi daga ranakun hutun gwamnati. Abin da nake jin ciwonsa shi ne yadda ake nuna wa duniya su kaɗai ne fuskar Musuluncin Afganistan. Su ma ai al'adar kudu ce ta rina fahimtarsu, musamman tsananin kulle da sha'anin mutuncin dangi, abubuwan da Fashtunawa suke da su a dokar gargajiyarsu ta Fashtunwali. Manomin Balkh da ke jan igiyar janda, shi da ɗalibin Kandahar mazhabarsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Tun da aka soke hutun, iyalai da dama a cikin gida suke jiƙa 'ya'yan itacensu, ƙofa a rufe.