Yadda aikin aji ya koma littafin da aka sayar da miliyoyi

Jama'a, duk sanda aka zo maganar aikin rukuni a makaranta, kuka ɗaya ake ji: malami ya ce "ku je ku yi wani abu a kan adabi", mutum ɗaya ya kwana yana rubutu, sauran shida su kawo sunayensu da kuɗin buga takarda. Wasu har cewa suke a daina ba da irin wannan aikin gaba ɗaya. To kafin mu yanke hukunci, ga wani tarihi daga Amurka.

A shekarar 1966, wani matashin malami mai suna Eliot Wigginton, wanda bai daɗe da gama jami'ar Cornell ba, ya fara koyar da Turanci a makarantar Rabun Gap-Nacoochee da ke jihar Jojiya, a yankin tsaunukan Afalachiya. Da yawa daga cikin yaran 'yan ƙauye ne, kuma ba su ga abin da nahawu da waƙoƙin littafi za su tsinana musu ba. Ajin ya gagare shi. Da ya ga bulala da faɗa ba za su kai shi ko'ina ba, sai ya ajiye littafin ya tambaye su: me kuke so mu yi da zai sa ku koyi rubutu? Aka yi ta kawo shawara, daga ƙarshe suka tsaya a kan mujalla.

Suka sa mata suna Foxfire, sunan wata irin funfuna da ke haske da dare a jikin ruɓaɓɓen icce a dazukan yankin. Kuɗin bugawa ma su suka bi shaguna da gidaje suka tara. Fitowar farko ta zo a 1967.

Abin da ya ɗaga mujallar shi ne yaran sun ɗauki rakoda da kyamara suka nufi kakanninsu. Suka rubuta yadda ake gina ɗakin gungume, yadda ake dafa sabulu, magungunan gargajiya, da tatsuniyoyin fatalwa. Wata tsohuwa, Arie Carpenter, wadda ke zaune ita kaɗai a gidanta na kan tsauni, ta zama sananniya ta dalilinsu. A 1972 kamfanin Doubleday ya tattara rubuce-rubucen ya buga littafi, ya kuwa yi kasuwa. Jerin ya kai littafi 12, an sayar da miliyoyin kwafi. Da ribar aka sayi fili a 1974, inda gidan tarihinsu yake har yau.

Ku lura da wani abu. Umarnin a buɗe yake, gaskiya ne, amma aikin ba sakaka ba ne. Akwai ranar da dole mujalla ta fita. Akwai masu saye da kuɗinsu. Wanda ya rubuta maganar kakar wani ba daidai ba, gobe zai haɗu da ita a kasuwa. Sannan aikin da yawa, ba mai iya yinsa shi kaɗai: wannan na hira, wancan na juya kaset zuwa rubutu, wani na hoto, wani na lissafin kuɗi. Ina ɗan ci-ma-zaune zai ɓuya? Waƙafi da aya kuwa, a wajen gyaran rubutun suka koye su, don ba mai son a ga kuskurensa a bugu.

Tarihin yana da baƙin shafi, kuma bai kamata a tsallake shi ba. A 1992 Wigginton ya amsa laifin lalata da yaro, aka ɗaure shi, aka raba shi da shirin. Darasi ne ga iyaye da hukumomi: komai sunan malami, a sa ido a kan mu'amalarsa da yara. Mujallar dai ba ta mutu da tafiyarsa ba, ɗalibai suka ci gaba da fitar da ita.

Don haka malaman adabi, matsalar ba a barin yara su zaɓa take ba. Tana wajen ba su aikin da ba wanda zai karanta sai mai ba da maki. Ku ba su zaɓi, ku sa rana, ku raba wa kowa nasa, ku nemo musu masu karatu na gaske. Ku da kuka taɓa yin aikin rukuni, wa ya karanta naku bayan malam?