Tarihin jar dara

Hirarmu ta yau a kan hula take, hular nan ja da muke kira dara. Kowa ya san ta, a Maraɗi, a Damagaram, a Tawa. Sarki na naɗa rawani bisanta, dattijo na kafa ta shi tafi kasuwa. Amma ba ƴar ƙasar nan ba ce. Baƙuwa ce wadda ta daɗe har anka manta da baƙuncinta.

Gidanta birnin Tunis, can bakin teku. A shekara ta 1609 sarkin Isbaniya ya ba da umurni a kori jikokin Musulmin Andalus daga ƙasarshi. Da yawansu sunka sauka Tunis da sana'o'insu, kuma a hannunsu ne aikin dara ya bunƙasa.

Ku saurari yadda ake yin ta, don shi ne dalilin tsadarta. Dara ba ɗinki ba ce. Mata ne ke saƙa ta da zaren gashin tumaki, ta fito ƙatuwa, sakwa-sakwa kamar jikka. Sannan a jiƙa ta da ruwan zafi da sabulu, a yi ta bugu har gashin ya kama juna, ta tsuke ta koma daidai kan mutum. A taje ta da wata irin ƙaya, a saisaye, a rina ta ja, a ɗora bisa ma'auni ta bushe. Shi ya sa in ka duba ta ƙwarai ba ka ganin zare.

Daga can sai bayan raƙumi. Ayari ya taso daga Tarabulus, ya bi Gadamas da Gat, ya ratsa duwatsun Abzin ya sauka Agadas, ya bi Damargu ya iso Zindar, daga nan Kano. Tafiya ce ta watanni. A zamanin Sarki Tanimun na Damagaram fatake na sauke dara tare da alkyabba da takarda da tsakiya, su koma arewa da jemammun fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, don kada mu ɓoye. Abin da ya sha irin wannan hanya ba na talaka ba ne. Talaka na da farar hularshi ta saƙi, manomi na da malafa, maharbi na da haɓar kada. Dara ta fada ce da gidan attajiri, kuma sarki kan haɗa ta da riga shi yi kyauta.

Da Nasara sunka zo sai ta samu wata ma'ana. Tun 1857 Faransa ta kafa rundunar sojanta baƙar fata a Senegal, jar dara ce hularsu. Da ita sunka shigo Zindar a 1899. Daga baya gardi na kwamanda ma ita suke sawa. Tsofaffinmu sun ba da labari: in anka hango jar hula bisa doki ta nufo gari, to haraji ne, ko ɗibar mutane aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Hula guda, a kan liman ana durƙusa mata, a kan gardi ana gudu cikin gero.

Ayarin ma bai daɗe ba. A 1911 Italiya ta afka ma Tarabulus, a shekarar kuma dogon jirgin ƙasa ya iso Kano. Kaya sunka koma shigowa ta kudu, tare da dara mai araha ta masana'antun Turai, har ɗan tireda ya iya sayenta. A Turkiyya, inda Sarki Mahmudu na biyu ya ɗora ma ma'aikata irin wannan hula a 1829, Mustafa Kamal ya hana ta da doka a 1925. Mu nan ba wanda ya hana ta. Abin da ya rage mata kasuwa shi ne hular zare ta Barno, wadda ake kira Zanna Bukar da sunan Zanna Bukar Dipcharima, ministan Najeriya na jamhuriya ta farko. Samari sunka so ta don tana da launi iri-iri, kuma tana karɓar kari: a lotsa gabanta, ko a karkata ta gefe.

Dara ba ta son wannan wasa. A ganina kyanta a kafa ta sak, ta sauko kaɗan bisa goshi, da farar riga ko shuɗiya. Ba a dirza ta da ruwa kamar hular zare, kakkaɓe ta ake yi da buroshi, a ajiye inda asu ba ya kai. Masu yin ta a Tunis sun ragu ƙwarai, amma har yanzu Libiya da Nijar da Najeriya na cikin manyan masu sayenta.