Sautuka Biyu na Kakaki: Darasin Kiɗa daga Fadar Damagaram

Tun zamanin da Damagaram take kai gaisuwa Barno, kakaki da algaita da tambari su ne muryar sarauta a Zinder. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya ƙera igwa, sunansa ya tafi nesa tare da ayarin fatake. Turawan Faransa sun ci garin a 1899, suka mai da shi mazaunin mulkinsu har 1926, amma busa ba ta yanke a ƙofar fada ba. A cikin wannan busa akwai ilimin da ya kamata malamai su duba da idon basira.

Kakaki dogon bututu ne na ƙarfe, ba shi da rami ko ɗaya da yatsa zai toshe. Da leɓe da ƙarfin numfashi kaɗai mabushi yake fitar da sautuka biyu, na ƙasa da na sama. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce wadda masana kiɗan Turai suke kira ta biyar, wato daga do zuwa sol. Tun zamanin Girkawa aka gano lissafinta: duk lokacin da sautin ƙasa ya kaɗa iska sau biyu, na sama zai kaɗa ta sau uku. Maƙerin da ya ƙera kakaki bai karanta wannan ba. Halittar bututu ce ta ba shi.

Me ya sa sautuka biyu suka wadatar? Amsar tana cikin harshe. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa, kuma da su take bambanta ma'ana. Saboda haka kakaki yana iya bin hawa da saukar kalmomin kirari, har mai sauraro ya gane take ba tare da an furta komai ba. Algaita kuwa, mai ramuka huɗu, ita take cike tsakani, mabushinta yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya tsinke ba. Yawancin waƙoƙinmu suna hawa tsani mai matakai biyar ne, saɓanin bakwai ɗin do, re, mi da makarantar boko ta kawo.

Turawa sun gina jituwar kiɗansu a kan haɗa sautuka uku ko fiye a lokaci guda. Makaɗan fada sun bi wata hanya: jagora ya bayar, ƴan amshi su karɓa da murya ɗaya, ganga ta riƙe lokaci, kakaki ya ratsa ta sama. Jituwarsu tana cikin sanin lokacin shiga da lokacin yin shiru.

Yau fiyano ta mamaye ɗakunan naɗar waƙa. Ita kuwa ta raba tsaninta gida 12 daidai wa daida, duk sautin da ya faɗa tsakanin gida biyu sai ta ja shi gefe guda. Kunnen da ya tashi da ita kaɗai zai ɗauki algaita a matsayin kuskure. Malami da zai koyar da tazarar sauti a Zinder, ya fara kai ɗalibansa ƙofar fada ranar sallah, kafin ya buɗe musu littafi.