Shamuwa

Shamuwa tsuntsuwa ce baƙa mai dogayen ƙafafu, cikinta fari fat, tsawonta kusan santimita 73. Masana sun raɗa mata suna Ciconia abdimii a 1823.

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Kunci tana isowa gab da faɗuwar damina, shi ya sa manomi na ganinta sai ya dage da kai taki gona. A tsakiyar gari take tara ƙirare kan kuka ko tsamiya, ta yi sheƙa, ta saka ƙwai biyu ko uku. Ba a cika taɓa ta ba, kuma ta cancanci haka, domin fara da tsutsa masu ɓarnar shuka su ne abincinta.

Da kaka sai ta yi kudu, ta ratsa Gabashin Afirka har Zambiya da Zimbabuwe.